Kwandon Hajja Batula

Hafsa, tun da kika fara wayo kike jin ana cewa a gidanmu, "ranar da Ma'u ta mari Hajja saboda mage." Umma ta faɗa tana dariya, Baba ya faɗa yana girgiza kai, ke kuma kin ɗauka kin kai wa ƙawayenki har da ƙarin gishiri. Shekarunki biyu a lokacin, ba ki tuna komai ba. Ni kuwa kin san halina, ba na iya gyara magana a cikin mutane, shi ya sa na ga gara in rubuta miki yadda abin ya faru tun kafin mu tattara mu koma Zariya, inda ba wanda ya san Hajja Batula balle ya kare ta. Ban mare ta ba. Amma na yi laifi, kuma ba shi ne wanda ake faɗa ba.

Ina shekara goma sha biyu, muna wannan gidan dai na Hayyin Ashir a Alƙahira, hawa na uku. Baba yana tsakiyar karatunsa, kullum ya fita da jakar nan mai lalataccen zik. Makarantarmu ta 'yan mata ba ta da nisa, kuma da yake kaina a ƙasa nake tafiya, na san kowane rami a titinmu fiye da yadda na san fuskokin mutanen layin. Sunkuyar da kan nan ne ya sa na gan ta. Ranar Alhamis ce bayan an tashi, tana kwance a ƙarƙashin amalanken mai sayar da ful, dafaffen waken nan na Masar, 'yar kyanwa ruwan toka wadda ba ta fi tafin hannun Baba ba. Buɗe baki take yi amma sautin ba ya fita. Ƙafarta ta baya ta juya inda bai kamata ba, cinyar kuma a tsage. Mai ful ya ce tuk-tuk, keken nan mai ƙafa uku, ne ya bi ta kanta tun hantsi. Na fito da littattafaina na rungume, ita kuma na sa ta a jakar.

Umma tana ganin jini a jikin jakar ta ja da baya. Kin san ba ta kiran sunana tun da ni ce ta fari.

"Ke! Me kika kwaso mana kuma?"

Allah ya sa Baba yana gida. Ya leƙa jakar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Uwata, mayar da takalminki."

Likitar dabbobin tana bayan kasuwa, a wani ɗaki na hawan ƙasa mai warin magani da na karnuka. Mace ce gajera mai saurin magana, kowa Daktora yake ce mata. Ta yi wa kyanwar allurar barci, ta ɗinke cinyar, na ƙirga ɗinki shida, ta gyara ƙashin ta ɗaure ƙafar da shuɗin bandeji. Sannan ta sa mata wani abin wuya na roba mai kama da mazurari, don kada bakinta ya kai ga ɗinkin. Tana shirin yin bayani aka kira la'asar. Baba ya ce bari ya je masallacin kusa ya dawo, ya bar ni da ita. Daktora ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke ce mai ita?"

Na gyaɗa kai.

"Tamam. To buɗe kunnenki, abu uku ne. Na ɗaya, a cikin kwali za ta zauna mako uku, ba tsalle ba hawa. Na biyu, wannan abin wuyan ba a cire shi, ko za ta yi kuka har ku ji tausayinta. Na uku, kuma shi ne babba, kada kowa ya ba ta maganin mutane. Musamman farasitamol. Ɗan ɓalli kaɗan ya isa ya kashe ta. Kin ji?"

Na ji, har na rubuta da Larabci a bayan littafin lissafina kamar yadda ta faɗa, na ja layi biyu a ƙarƙashin na ukun. Da Baba ya dawo ya tambaye ni ko ta yi bayani, na ce e. Iyakar abin da na ce ke nan. A gida Umma ta tambayi dalilin kwali na faɗa, ta tambayi dalilin mazurari na faɗa. Na ukun ba abin da ake gani da ido ba ne, ba wanda ya tambaya, ni kuma ban saba fara magana ba sai an tambaye ni. Na ce a raina ai ni kaɗai zan riƙa taɓa ta. Ki riƙe wannan, Hafsa, don a nan laifin yake.

Juma'a da Asabar ba makaranta, na wuni a gindin kwalin. Matar mai gadin gidan ce ta ba ni shi, tsohon kwalin injin wanki, na shimfiɗa jaridu na ajiye a lungun falo kusa da ƙofar baranda. Na ɗebo yashi a inda ake gini na zuba mata a tsohon faranti. Maganin ƙwayoyin cuta safe da yamma ne, na ciwo kuma sau ɗaya a rana na kwana uku kacal. Na koyi naɗe ta a tawul kamar jinjiri, in zura sirinji ta gefen baki, in tura kaɗan kaɗan in jira ta haɗiye. Ran farko rabin maganin a hijabina ya ƙare. Kullum sai na taɓa yatsun ƙafar da suka leƙo daga bandejin in ji ko da ɗumi, in sunsuna bandejin in ji ko ya fara wari, kamar yadda Daktora ta nuna mini. Mazurarin ya hana ta cin abinci da kyau, yana karo da gefen kwano, sai na koma ba ta dafaffiyar kaza a kan yatsana. Harshenta kaushi gare shi. Baba bai saki jiki da kwalin ba, ya ce kulle mage abu ne mai nauyi a addini, don haka nan ya mayar da wurin karatunsa, yana duba littafi yana duba ko ruwanta ya ragu. Umma ta rantse ba za ta taɓa ta ba, amma na lura kazar da nake ajiyewa ina dawowa in tarar an ƙara yayyaga ta ƙanana.

Yanzu sai in gaya miki matsayin Hajja Batula a wurinmu a lokacin, don ke kin taso kin gan ta ne kawai a matsayin tsohuwar sama mai ba ki dabino. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun fito aikin hajji a ƙafa suka zauna a hanya, shi ya sa Hausarta take da tsofaffin kalmomi da Larabci a cakuɗe. Ita ta samo mana gidan nan. Ita ta koya wa Umma cinikin kasuwa. Da aka haife ki ba mu da kowa a ƙasar nan, ita ta riƙa saukowa tun asuba tana dafa ruwa tana yi wa Umma wankan jego har aka yi arba'in. Duk ciwon da ya shigo benen nan ta hannunta yake fara bi, kuma a bakin tob ɗinta, wato mayafin nan mai tsawo da take naɗawa, kullum akwai ƙulli da farasitamol a ciki. Gwiwa ta hana ta yawan sauka, sai ta yi abin da matan Alƙahira suke yi, ta ɗaura kwando da igiya tana zuro shi daga barandarta zuwa ga mai burodi a ƙasa. Kwandon ta gaban barandarmu yake wucewa, kuma kusan kullum sai ya tsaya a daidai tamu, a ciki akwai kisra, gurasarsu ta dawa, ko soyayyen gahawa ko tsinken turaren wuta na Umma. Da jin igiyar ta goga ƙarfen baranda mun san Hajja ta tashi lafiya.

Ranar Lahadi na koma makaranta. Maganin ciwon ya ƙare tun Asabar, kuma da zan fita na ji muryar kyanwar ta dawo, tana kuka siriri ba tsayawa. Ban fahimci komai a aji ba. Ana tashi na taho da sauri, tun daga matakala na ji ƙamshin gahawa da citta, na san Hajja ta sauko. Na tura ƙofa da sallama.

Abin da na fara gani mazurarin ne a kan kujera. Sannan kwalin a buɗe. Hajja tana zaune a tabarma cikin farin tob mai ɗigon shuɗi, kyanwar a cinyarta, ta tallafi kanta da hannun hagu, da dama kuma tana riƙe da cokalin shayi mai madara a ciki. A gefenta akwai ɗan faranti da farar ƙwaya da aka raba da wuƙa.

"Ya bitti, kin dawo? Kadisar nan tun safe take kuka, uwarki ta rasa yadda za ta yi. Kun sa mata bokiti a wuya kamar ɓarauniya. Bari ta sha wannan ta samu barci."

A bakin mutanen Sudan, ya bitti shi ne 'yata, kadisa kuma ita ce mage. Ban san lokacin da na yar da jaka ba. Cokalin yana dab da bakinta na kai hannu na buge shi daga ƙasa, ya yi sama ya faɗi can jikin ƙofa, madarar ta zube a ƙirjin tob ɗin Hajja. Cokali na buga, Hafsa, yatsuna ne kawai suka goga nata. Sai na ji wata murya tana ihu, ashe tawa ce.

"Zai kashe ta! Hajja, kashe ta za ki yi!"

Har ke kika daina wasa. Hajja ta dubi madarar da ke gangara a jikinta, ta dube ni. Ni da ban taɓa ce mata abin da ya wuce gaisuwa ba.

"Ni?" ta ce a hankali. "Ni ce mai kisa?"

Ta ajiye kyanwar a tabarma a tsanake, ta dafa bango ta miƙe, ta fita. Ko tukunyar gahawarta ba ta ɗauka ba. Umma ta bi ta har matakala tana ba ta haƙuri, ta dawo kaina.

"Ke, kin haukace ne? Hajja? Hajja za ki ɗaga wa hannu?"

"Umma, ta sha? Don Allah ta sha?"

"Ina na sani! Na juya ina kama Hafsa. Me ye a ciki, ba maganin da nake ba ku ba ne?"

A nan ne na ɗauko littafin lissafin na buɗe mata bayansa. Ta karanta, ta sake karantawa, ta zauna a hannun kujera. Ba ta ƙara yi mini faɗa ba, waya ta ɗauka ta kira Baba. Kafin ya iso na durƙusa na duba komai. Gida huɗu aka raba ƙwayar, uku suna kan faranti, ke nan ɗaya ce aka niƙa, kuma cokali ɗaya ne. Na shafa haɓar kyanwar da gashin bakinta, a bushe suke. Amma ina tsoron ko ta lasa kafin in shigo.

Muka koma wurin Daktora, ni da Baba, na naɗe ɓallin ukun a takarda na kai mata. Ta ɗaga leɓen kyanwar ta duba dasashinta, ta saurari numfashinta, ta ba ta wani magani don rigakafi, ta riƙe ta a wurinta har magariba tana dubawa. Ta tarar kuma kyanwar ta tsinke ɗinki ɗaya da haƙori a ɗan lokacin da aka cire mazurarin, ta sake ɗinkewa. Ta ce in dasashin ya koma ruwan ƙasa ko fuskar ta kumbura mu rugo da ita, in kuma ta wayi gari lafiya, khalas, shi ke nan. Sannan ta juya ga Baba.

"Amma ai na gaya wa yarinyar. Ba ta faɗa muku ba?"

Baba ya dube ni, na dubi takalmina. Da muka kusa gida ya kira ni.

"Uwata, da kin gaya wa Ummanki tun ranar Alhamis, da yanzu Hajja tana falonmu tana shan gahawa."

Bayan sallar asuba na ɗauki kwalin zuwa bakin baranda inda haske yake. Na ɗaga leɓenta. Dasashin ja ne jawur mai kyau, fuskar ba kumburi, ita kuwa ta kama yatsana da cizo don yunwa. Na zauna daɓas a ƙasa. Umma tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi, na ji ta sauke numfashi ta ce alhamdulillahi sau uku, sannan ta juya kamar ba ita ba.

Kyanwa ta tsira, amma can da hantsi igiya ta goga ƙarfen baranda, kwando ya sauka, ya hau da burodi, bai tsaya ba. Haka gobe, haka jibi. Baba ya tura ni in ba da haƙuri, na hau da tukunyar gahawarta na faɗi abin da ya koya mini, cewa na yi rashin kunya ta yafe mini. Rabin ƙofa ta buɗe ta karɓi tukunyar.

"Ma'alish, ba komai, ya wuce. Ki gaida uwarki."

Bai wuce ba. Umma ce ta fi shan wahalar abin. Baba yana jami'a, ni ina makaranta, ba ta da wanda za ta yi Hausa da shi sai ke mai kalma goma. Ina dawowa in tarar da ita a baranda tana naɗe kayan da ta riga ta naɗe. Ba ta taɓa ce mini ni na jawo ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Ni dai na ci gaba da abin da na iya, sirinji safe da yamma har maganin ya ƙare, canza jarida, taɓa yatsun ƙafa, sosa mata bayan kunne inda mazurari ya hana ta kaiwa. Ranar da ta fara wannan ƙarar jin daɗi ta cikin maƙoshi, na ɗauka wani ciwon ne, sai da Baba ya yi dariya.

A kwana na goma sha biyu da buge cokalin, ranar Alhamis, aka cire ɗinkin, fatar ta haɗe tsaf. A hanyar dawowa na gane abin da ya sa haƙurin da na bayar bai shiga ba. Na roƙi gafarar cokali, alhali abin da ya soke ta shi ne na kira ta mai kisa a gidan da ta yi wa hidima, kuma har lokacin ba ta san cewa an gargaɗe ni na yi shiru ba. Na san in na hau bakina ba zai buɗe ba. Sai na yage shafin nan na bayan littafin lissafi, na rubuta a ƙasansa cewa tun ranar Alhamis aka gaya mini, ni ce ban faɗa wa kowa ba, ita taimako ta zo yi, laifin nawa ne. Washegari Juma'a na laɓe a baranda. Da kwandon ya zo hawa na jefa takardar a kan burodi. Igiyar ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba.

Asabar kwando ya wuce. Lahadi da Litinin ina makaranta, Umma ta ce ya wuce. Daga baya ne muka ji cewa a kwanakin nan Hajja ta sauka da gwiwarta har shagon magani na bakin titi, ta nuna wa mai shagon takardar ta ce ya gaya mata gaskiya. Ranar Talata da la'asar, lokacin da ba a sayen burodi, ina zaune gindin kwali na ji igiya ta goga ƙarfe. Kwandon ya sauko a hankali, ya zo daidai barandarmu, ya tsaya. A ciki akwai kwano da dafaffiyar kaza, da wani farin ƙyalle mai ɗigon shuɗi a ninke. Na gane shi. Ta wanke tob ɗin, ta yanko gefensa ta kalmashe bakin da zare. Sai ga muryarta daga sama, yadda duk layin zai ji.

"Ya bitti! Ba gishiri a kazar. Kadisar za ta ci, ko ita ma sai an tambayi daktora?"

"Za ta ci, Hajja!"

"Au, ashe kina da murya ba sai an zo kisa ba! Yalla, maza ce wa uwarki ta ɗora ruwa, ga ni nan."

Umma ta fito daga kicin da gudu har tana tuntuɓe da ke. Ranar a falonmu Hajja ta sha gahawa kofi uku, ta sa na shimfiɗa ƙyallen a kwali da hannuna, ita kuma ba ta taɓa mazurarin ba, harararsa kawai ta yi. Tun daga ranar sunan ya bi kyanwar, shi ya sa kika taso kina kiranta Kadisa. Da aka cika mako uku aka kwance bandejin, ƙafar ta fito siririya ba gashi. Ta taka ɗaya, ta girgiza ƙafar, ta taka biyu, ta nufi ƙarƙashin kujera da ɗan ɗingishin da har yau take yi in an yi sanyi. Hajja ce ta fara yin guɗa. Maganar mari kuwa ita ta ƙirƙiro ta da bakinta don ta riƙa tsokanata, kuma ni ban taɓa gyarawa ba.

Kin yi kuka da Baba ya ce Kadisa ba za ta bi mu Zariya ba. Ni ma na yi, a banɗaki. Amma hawa ɗaya kawai za ta ƙara, zuwa wurin Hajja, da ƙyallenta da kwanonta. Makon jiya na zauna na rubuta wa Hajja duk abin da take ci da wanda ba ta ci, da yadda ake gane ƙafar tana damunta, shafi biyu cur. Har na kai hannu zan jefa a kwando, sai na fasa. Na hau sama na ƙwanƙwasa, na zauna a gabanta na faɗa mata duka da bakina, ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko ɗaya ba. Ta saurare ni har na gama tana juya gahawa. Sannan ta kwance ƙullin bakin tob ɗinta, ta fito da farasitamol ɗin ta ɗora can saman firji, ta ce, "Wannan na gwiwata ne. Sai me kuma?"